A kai dis ɗin birki sikimin kafin a ɗora sabon fad, ko a ƙyale shi?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Fad ɗin birkin gaba na BMW ɗina ya cinye. Yaron da ya kwance tayar ya ce wai ƙa'ida ce sai an kai dis, faifan ƙarfen da fad ke matsewa, sikimin, wato a kankare fuskarsa da inji, kafin a ɗora sabo. Haka ne, ko na cefane yake nema?

Oga Ɗanlami: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron bai yi ƙarya ba. Tsohon fad yana barin zane a fuskar dis, in ka ɗora sabo a kai ba zai zauna daidai ba, sai ƙara. Tun zamanin Fijo 504 haka muka taras ana yi.

Injiniya: Oga, da girmanka, 504 daban, wannan daban. Dis ɗin motocin nan masu gudu ba shi da nama. A jikinsa an buga MIN TH da lamba, wato kaurin da bai kamata ya gaza ba, kuma tsakanin sabo da lambar nan sau da yawa bai wuce milimita 2 ba. Fad ya ci nasa, inji ya kankare fuska biyu, me ya saura?

Auta: Yanzu milimita ɗaya ce za ta hana mota tsayawa? Haba Injiniya.

Injiniya: Daga Wunti zuwa Yelwa a nan Bauchi ba za ka ji komai ba. Amma ka taso daga Jos da gudu, kana gangarowa ta Panshanu ƙafarka a kan birki. Birki gudun mota yake mayarwa zafi, ƙarfen dis ne ke shanye zafin. Siriri ya fi saurin ɗaukar wuta, sai ka taka ka ji motar tana ta tafiya abinta. Wanda aka huhhuda kuma ta bakin ramukan yake fara tsagewa.

Malam Habu: Ni na gani a jikina. Sitiyari yana rawa in na taka birki, aka ce dis ya lanƙwashe, na biya aka kankare. Ko wata biyu ba a yi ba rawar ta dawo. Ashe tsatsa ce a kan hob inda dis ke zama, ga mai faci da ke hawa kan sifana da ƙafa yana ɗaure notin taya kamar da gaba.

Oga Ɗanlami: To na ji. Amma ku masu cewa a sayi sabo, wane sabon? Na asali kuɗinsa ba wasa ba, wanda ya cika kasuwa kuma kwali ne kawai mai kyau. Wallahi gara tsohon na kamfani da aka wanke wa fuska, muddin yana da kauri, da jabun da bai san zafi ba.

Injiniya: Nan kam ban musa ba. Abin da na ƙi shi ne "dole". In akwai rawa ko zane mai zurfi, kuma kauri zai rage bayan aiki, a yi. Alhaji, sa a auna da maikuromita, ba da ido ba.

Baban Khalifa: An auna. A jiki an buga 28.4, awo ya ba da 28.9. Ba rawa, farce ma da ƙyar yake kama zanen.

Oga Ɗanlami: A'a, wannan ko ni ba zan kai shi inji ba. A goge da samfefa a ɗora fad. In ka fita ka samu hanyar da ba kowa, ka ɗan ja ka rage gudu sau takwas zuwa goma ba tare da ka tsaya cak ba, don fad ya zauna.

Injiniya: Rabin milimita fa ya rage, Oga. Zai ƙare ya bar fad ɗin da sauransa. Ni dai canza biyun zan yi yanzu.

Baban Khalifa: Injiniya, kuɗin makarantar yara na gabana. A ɗora fad, bayan Sallah mu sake aunawa.

Auta: Kafin nan dai in za ka Jos, Alhaji, ka hau ta haya.