Neman shawara: ruwan bashin gidana zai hau nan da wata uku, darajar gidan kuma ta faɗi

Baban Yusra:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar bashin gida ku agaza mini, abin ya hana ni barci. Na sayi gida a kan 250,000, na ba da kafin alƙalami 25,000, banki ya cika 225,000 a biya cikin shekara 25, ruwa kashi 3 a ɗaure na shekara biyar. Duk wata ina biyan 1,067. Kuma ba don burga na saya ba, haya ce ta ishe mu, yara sun girma, ga surukata ta dawo wurinmu tana fama da ciwon ƙafa, dole sai gida mai ɗaki a ƙasa, shi ya sa muka bar wani mai araha muka ɗauki wannan, ko da yake yayana ya so mu ƙara jira. To yanzu saura wata uku wa'adin ɗaurin shekara biyar ɗin ya cika. Banki ya rubuto cewa in ban yi komai ba zan koma kan ruwa mai hawa da sauka, a yanzu kashi 7.5, amma za su iya sake ɗaure mini shekara biyar a kashi 6.5. Wani bankin ya yi mini tayin 6.1, shi ma shekara biyar. Sai dai mai kimanta gida ya sa wa gidan 205,000, bashin da zai rage kuma kusan 192,000 ne. Sabon bankin ya ce sai na rage bashin ya dawo kashi 90 na darajar gidan, ga kuɗin takardu da lauya da kimantawa 3,500. Ajiyata 11,000 ce. Aiki kuma ya ɗan yi sanyi. In sauya banki, in zauna, ko in sayar in huta?

Alhaji Bala:
Wa alaikumus salam. Baban Yusra, ajiye fargaba ka ɗauko alƙalami. A kan 192,000 da shekara 20 da suka rage, kashi 7.5 zai kai ka kusan 1,547 a wata, kashi 6.5 kuma kusan 1,432. Kashi 90 na 205,000 shi ne 184,500, wato sabon bankin yana so ka zuba 7,500. Haɗa da 3,500 na takardu, 11,000 ke nan cif, ajiyarka gaba ɗaya. Bayan haka za ka riƙa biyan kusan 1,333.

Za ka ce ai ya fi 1,432 sauƙi da kusan ɗari. A nan ake ruɗin mutane. Fiye da rabin wannan sauƙin daga kuɗinka ya fito, ba daga bankin ba. In ka zuba wa bankinka na yanzu wannan 7,500 ɗin, a kashi 6.5 biyanka zai sauko kusan 1,376. Ashe ainihin bambancin 43 ne a wata. Raba 3,500 da 43, sai ka yi wata 81 kafin ka mayar da kuɗin takardu, alhali ɗaurin wata 60 ne. Tun kafin ka ci riba yarjejeniyar ta ƙare. Zauna inda kake, kada ka taɓa ajiyar.

Maman Khalil:
Ni kam Alhaji ban ga dalilin ɗaure kai shekara biyar a daidai lokacin da tattalin arziki ke ja da baya ba. In kasuwa ta mutu babban banki rage ruwa yake yi. A ƙarshen 2008 babban bankin Amurka ya sauke nasa zuwa kusan sifili, haka ya sake yi a Maris 2020. Shi ruwa mai hawa da sauka galibi ba shi da tarar fita. Yaya, ka haƙura da shi na 'yan watanni, in ruwa ya sauko sai ka ɗaure da araha. In ka ɗaure yanzu ka so fita, tarar biya kafin wa'adi tana iya kai kashi 1 zuwa 5 na bashin.

Alhaji Bala:
Hajiya, kin kawo shekarun da suka yi miki daɗi ne kawai. A 1981 Amurka na cikin koma-baya, amma ruwan bashin gida ya haura kashi 18, don babban banki yaƙin hauhawar farashi yake yi. Bankin Ingila daga kashi 0.1 a Disamba 2021 ya kai 5.25 a Agusta 2023, jama'a na kukan tsadar rayuwa bai fasa ba. In tsada ce ta haɗu da koma-baya, ruwa ba ya saurin sauka. Kuma ko babban banki ya rage, ba dole ne bankin Baban Yusra ya rage daidai gwargwado ba, sai in an rubuta hakan a yarjejeniya. Jiran da kike faɗa 115 ne duk wata daga aljihun mutumin da ya ce aiki ya yi sanyi. In yana tsoron dogon ɗauri, ya tambayi farashin ɗaurin shekara biyu.

Malam Idi:
Duk ku bar wannan, masu kimanta gidajen nan su ne matsala. Lokacin da kasuwa ke tashe kowane farashi aka kawo sa hannu suke yi, da ta juya sai su koma rage wa mutum dukiya don su kare kansu. Wani ma daga cikin mota zai leƙa gidan, wani kwamfuta ce za ta fitar masa da lamba. Bankunan da suka riƙa tura wa mutane bashi babu bincike kafin 2008, su aka ceta da kuɗin jama'a, masu gidajen aka watsa wa kaya waje. Ɗan'uwa ka ƙalubalanci kimantawar. Nemo gidaje uku irin naka a kusa da kai da aka riga aka sayar cikin wata shida, farashin da aka biya ba wanda aka sa a talla ba, ka haɗa da rasit na duk gyaran da ka yi. In suka ɗaga shi ya kai 213,500, ka shiga kashi 90 ba tare da ka zuba ko sisi ba.

Abu Hafsa:
Ba wanda ya taɓo maganar riba. Tunda dai sauyi za a yi, me zai hana a duba bankin da ba ya ta'ammali da ruwa? A tsarin musharaka mai raguwa, kai da banki kuke mallakar gidan, kana biyan haya a kan kasonsa kana saye shi kaɗan-kaɗan.

Alhaji Bala:
Abu Hafsa, ya tambaya ba laifi, amma su ma za su kimanta gidan, kuma galibi suna son mai gida ya riƙe kaso mai kauri. Nasa bai kai kashi 7 ba. Hayar tasu ma sau da yawa da ma'aunin kasuwa ake sabunta ta.

Anti Ladi:
Ƙanena, abu biyu ka tsallake. “Aiki ya yi sanyi” me ke nan, an rage albashi ne ko ana shirin sallama? Sannan wace ƙasa kake? Dokar ta bambanta sosai. A wasu jihohin Amurka, in banki ya karɓe gidan da aka saya da bashinsa, ba ya bin mutum cikon. A Ingila da Sifaniya kuwa ana iya yin gwanjon gidan kuma a biyo ka sauran. Game da sayarwa, tsakanin 205,000 da 192,000 akwai 13,000 kacal. La'adar dillali da kuɗin lauya ko kashi 3 suka ci, sama da 6,000 sun tafi, ga kuɗin ƙaura, kuma haya na jiranka.

Baban Yusra:
Na gode ƙwarai. Anti, ba a kore ni ba, kuɗin ƙarin lokaci kawai aka yanke, kuma kowa aka yi wa. Akwai bashin mota 310 a wata, amma motar dole ce saboda kai surukata asibiti. Sau ɗaya biya ya makara bara, shi ma ranar albashi aka sauya mana. Alhaji ranka ya daɗe, na ji lissafinka, amma 6.1 dai ai bai kai 6.5 ba, kuma na riga na biya kuɗin kimantawa, in na fasa ya tafi a banza. Bankina kuma ko waya ba sa ɗauka da wuri.

Alhaji Bala:
To ka ga abin da ya kamata ka fara faɗa ke nan. Sabon banki zai nemi takardun albashi na wata uku zuwa shida da bayanan asusunka, ya cire kuɗin ƙarin lokacin da babu shi yanzu, ya lissafa motar, ya ga makarar nan in ta shiga tarihin biyanka, sannan ya gwada ko za ka iya biya in ruwa ya ƙara hawa. Abin da ke hannunka tayi ne, ba amincewa ba. Suna iya ƙin ka a mako na shida, lokacin wa'adi ya ƙure, ka faɗa kan 7.5. Bankinka kuwa in ba ƙarin kuɗi ka nema ba, a wurare da yawa sauya maka farashi kawai yake yi babu sabon bincike.

In 1,432 ya fi ƙarfinka, nemi a tsawaita wa'adin zuwa shekara 30, biya ya sauko kusan 1,214. Tsadarsa ita ce kusan 93,000 na ƙarin ruwa in ka bar shi har ƙarshe, don haka ka tabbatar an ba ka damar zuba ƙari duk shekara babu tara, ka gajarce shi in hali ya dawo. Akwai kuma biyan ruwa zalla na ɗan lokaci, 1,040, amma uwar kuɗin ba ta motsi. Duk waɗannan tun kafin ka kasa biya ake nemansu, kuma a rubuce.

Maman Khalil:
Shekara 30 kuma? Sai ya yi ritaya yana biyan gida. A Amurka farashin gidaje daga 2006 bai daina sauka ba sai 2012, ya zubar da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. In irin haka ta faru, mai jan biya shi ne bashinsa zai haura darajar gidansa, ya kasa sayarwa ya kasa sauyawa.

Malam Idi:
Shi ya sa na ce a fara da mai kimantawar.

Baban Yusra:
Tsawaitawa dai ba zan yi ba, maiɗakina ba za ta yarda ba. Yayana ya ce zai iya ranta mini 5,000 don kada ajiyar ta ƙare kaf. Gobe zan miƙa wa sabon bankin takardu in ga abin da za su ce.

Anti Ladi:
In ranto kuɗin ka yi, za su tambaye ka daga ina suka fito, kuma za su lissafa su cikin bashinka. Har yanzu dai ba ka faɗi ƙasar da kake ba.