"Demans": me za mu kira shi da Hausa?

Mai Fassara: Jama'a, ana shirya faɗakarwa ta rediyo a nan Damagaram kan mantuwar tsofaffi. Likitoci na rubuta "demans" da Faransanci. Wasu sun fassara da hauka, wasu gigin tsufa. Wanne za a ɗauka?

Dakta: Malam, hauka dai a jefar da shi, shi ke sa iyali su kulle tsoho a ɗaki. Gigin tsufa kuma yana nuna kamar kowa sai ya yi, alhali ciwo ne, yana ma iya kama wanda bai kai shekara 65 ba. Ba a cewa demans sai tunani ya ragu a hankali, wata da watanni, har mutum ya kasa abin da ya saba: lissafin kuɗi, hanyar gida, raka'o'in sallah. Alzheimer, ciwon da ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, shi ne sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, sai toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da hawan jini ke jawowa.

Majo: To, ciwon mantuwa fa, Dakta? Mutane na ganewa nan take.

Dakta: Ya yi faɗi, Majo. Mantuwa alama ce, kuma wasu sanadanta na warkewa: ƙarancin bitamin B12 (a lura da masu shan metformin, maganin ciwon sukari, shekara da shekaru), raunin aikin tiroyid (wata halitta a gaban wuya), ciwon damuwa, magungunan barci irin diazepam, kurumta. Tsohon da ya faɗi makonni baya, yanzu yana jan ƙafa yana ruɗewa, sikana (hoton cikin kai) yake buƙata, wataƙila jini ne ya taru ƙarƙashin ƙoƙon kai. In muka ba duka suna ɗaya, ba wanda zai nemi awo.

Hajiya Ungozoma: A ware ruɗewar da ke zuwa farat ɗaya, cikin sa'o'i ko kwana biyu. Zazzaɓin sauro, ciwon mafitsara, faɗuwar sukari, ko ƙishin bazara na iya jawo ta. Wannan gigicewa ce, ranar za a kai shi likita.

Mai Fassara: Ke nan uku: mantuwa, gigicewa, sai demans. Ina ba da "ciwon dushewar tunani".

Dakta: Na yarda, dushewa na ɗauke da sannu-sannun. A ƙara wannan a shirin: gwajin tunani da ake kira MMSE maki 30 ne, amma akwai karatu da rubutun boko a ciki, wanda bai yi lakwal ba yana iya faɗuwa ko da ba shi da ciwon. A zo da wanda ke kwana gida ɗaya da shi, da duk magungunan da yake sha, har na gargajiya.