Conducir ko manejar, wane malami zan biya?

Bakatsine: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu zama ƙasashen Sifaniyanci ku taimaka. Bayan sallah zan bi yayana Zaragoza a Sifen kuma aikin tuƙi nake sa rai. Na samu malamai biyu a intanet, ɗan Kolombiya mai sauƙin kuɗi da wata 'yar Madrid da kuɗinta ya kusa ninka nashi. In za'a ce tuƙa mota, shi manejar el carro yake koya min, ita kuma tace conducir el coche ake cewa. Wa zan riƙe? Bana so inje neman aiki ina magana ana kallona.

Likitan Habana: Wa alaikumus salam. A Kyuba inda nayi karatu manejar kowa ke cewa, haka Meziko da Kolombiya, 'yan Ajantina ma haka sai dai su auto suke ce ma motar. A Puerto Rico har guiar zakaji. Riƙe mai arha ƙanina, za'a gane ka.

Direban Almeria: Wlh ganewa ba ita bace damuwarka. Lasin Najeriya wata 6 kawai yake maka aiki bayan ka samu takardar zama, kuma babu yarjejeniyar musanya tsakaninmu da Sifen. Ni wani ɗan'uwanmu baƙar fata ya karɓi kuɗina yace ya san hanya zai canja min, na jira na jira har mai gonar da nake ɗauko ma tumatir ya ba wani motar, na koma cikin rumfar leda da zafin nan ina tsinka, wanda ya karɓi kuɗin kuma ya kashe waya har yau. Daga farko na sake, tambaya 30, ka faɗi fiye da 3 shikenan. Sama da yuro 1,500 na kashe kafin na riƙe carnet, wato lasin. Allah ya isa.

Ɗan Damagaram: Allah ya mayar da alheri Malam. Amma 1,500 yayi yawa, ni wajen 800 a Murcia, kuma da Faransanci na rubuta jarabawar.

Direban Almeria: Wace shekara? Kuma ranar gwajin kan titi da Faransanci mai jarabawar yace maka gire a la derecha (juya dama)?

Na Fagge: Shi dai carro a Sifen ai amalanke ne ko na tura kaya a kanti, kace kana manejar carro su haɗa ka da jaki 😂

Hajiyar Malabo: Kai Na Fagge yaro na tambaya tsakani da Allah. Ɗana, nan Malabo conducir da coche muke ji, irin na Sifen. Bi matar.

Direban Almeria: Likita da girmanka amma baka taɓa taka Sifen ba, takardun DGT, hukumar da ke ba da lasin tuƙi a nan, duk conducir ne.

Likitan Habana: Mutanen Kolombiya da Ekwado nawa ke tuƙi a Madrid? An kore su ne saboda manejar?

Ɗan Damagaram: Su ai ƙasashensu suna da yarjejeniya, canjawa kawai suke. Maroko da Aljeriya ma haka. Mu Nijar da Najeriya ofisoshin jakadancinmu me suke yi ne?

Bakatsine: To malamin fa jama'a?

Direban Almeria: Bari ta malami, ka fara samun cita, wato ranar da za'a saka maka ta ɗaukar yatsa don katin zama, tukun. Kullum shafin yace babu, amma masu shagon intanet suna da ita ta sayarwa. Akwai wanda ya samu a watan nan ba tare da ya biya ba?