Wa ke riƙe da ragamar gidan tarihin jiragen yaƙi, soja ko farar hula?

Ɗalibin Tarihi:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Idan aka ce gidan tarihin jiragen yaƙi, irin na rundunar sojan saman Birtaniya da ke Landan, ko na Amurka da ke Dayton, wa ke da ta cewa a cikinsa? Hafsan soja ne ke ba da umarni kamar a bariki, ko akwai hukumar farar hula a samansa? Daga ina kuɗi ke fitowa, kuma wa ke yanke shawarar a karɓi jirgi kaza ko a rabu da kaza? A taimaka da bayani dalla-dalla. Allah Ya saka da alheri.

Dattijon Zaure:

Wa alaikumus salam, ɗana. Gidajen nan biyu da ka ambata ba tsari ɗaya suke bi ba, kuma bambancinsu shi ne rabin amsarka.

Na Birtaniya, wato gidan tarihin RAF (gajeren sunan rundunar sojan saman ƙasar), Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi a Hendon da ke arewacin Landan a watan Nuwamban 1972, yana kuma da reshe a Cosford tun 1979. Sunan runduna yake ɗauke da shi, amma ba sashen runduna ba ne. Hukuma ce mai zaman kanta wadda Ma'aikatar Tsaro ke ɗaukar nauyinta, sannan tana da rajista a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba. Kwamitin amintattu ne ke samanta. Su ke riƙe da amanar jiragen da gine-ginen, su amince da kasafin kuɗi da shirin shekaru masu zuwa, su ɗauki shugaban gudanarwa, su kuma sallame shi idan ta kama. Ba a biyansu albashi, sai dai kuɗin mota da masauki. A irin waɗannan gidaje an saba kwamiti ya zauna kamar sau huɗu a shekara, wa'adin mamba shekara uku ko huɗu, a sabunta masa sau ɗaya. Ƙarƙashinsa akwai ƙananan kwamitoci: na binciken kuɗi da haɗari, na kuɗi, da na zaƙulo sababbin mambobi. Aikin yau da kullum kuwa na shugaban gudanarwa ne da daraktocinsa. Maggie Appleton, wadda ta karɓi wannan kujera a 2015, ba soja ba ce, daga aikin gidajen tarihi ta fito.

Na Amurka akasin haka ne. Tushensa tun 1923 a filin jirgin McCook, yanzu kuma yana cikin sansanin Wright-Patterson kusa da Dayton a jihar Ohio, da jirage da makamai masu linzami sama da 350. Shi na rundunar ne kai tsaye. Daraktansa ma'aikacin gwamnati ne, yana amsa wa manyansa a rundunar da ke kula da kayan aikin sojan sama, kuma jiragen dukiyar gwamnatin tarayya ne. Kwamitin da za ka ji ana ambata a can na gidauniyar da ke tara wa gidan kuɗi ne, wadda aka kafa a 1960. Gidauniyar ba ta da jirgi ko ɗaya, ba ta kuma ba darakta umarni.

Inda aka fi samun ɓaraka a tsari na farko shi ne amintacce ya manta iyakarsa. Tsohon hafsa ya shigo rumfar gyara ya ce wa makaniki a sauya fentin jirgin nan zuwa na tsohuwar bataliyarsa. Makaniki ba zai iya yi masa musu ba, shugaban gudanarwa kuma sai dai ya ji labari daga baya. Ƙa'ida ita ce kwamiti yana magana ne da murya ɗaya, a zaman da aka rubuta, ta hannun shugaban gudanarwa kaɗai. Duk da haka, a ganina shugaban kwamiti ya fi kyau ya zama babban hafsa mai ritaya, don shi ke iya buga waya Ma'aikatar Tsaro a ɗauka.

Hajiya Akanta:

Baba ya shimfiɗa tabarma, bari in zauna a ɓangaren kuɗi.

A Birtaniya kuɗi na shigowa ta ƙofa uku. Ta farko tallafin shekara-shekara daga Ma'aikatar Tsaro, wanda galibi albashi da wuta da gyaran gini ke cinyewa. Ta biyu kasuwanci. Shiga kyauta ce, saboda haka ana samu ne daga kanti, gidan abinci, kuɗin ajiye mota da hayar zaure don taro. Wannan harka ba a cuɗa ta da asusun gidan. Ana kafa mata kamfani na daban mallakar gidan, da nasa daraktocin, ƙarshen shekara ya miƙa ribarsa. Dalili shi ne idan kasuwa ta karye, kada masu bin bashi su taɓo dukiyar amana. Ta uku ita ce gudummawa: asusun cacar ƙasa da ke tallafa wa kayan tarihi, kamfanonin ƙera jirage, da wasiyyar mutane.

Abin da sabon mamba ya kamata ya fara koya shi ne bambancin kuɗi mai sharaɗi da marar sharaɗi. Idan wani ya ba da fam dubu ɗari biyar ya ce don gyaran jirgin Lancaster, ba a taɓa ko kwabo a biya albashi da shi, ko da asusun albashi ya bushe. Gida na iya nuna miliyoyi a takarda alhali ba shi da na biyan wutar watan gobe. Shi ya sa kwamiti ke rubuta manufar ajiyar ko-ta-kwana, yawanci abin da zai riƙe gidan na 'yan watanni. A 2020, da annobar korona ta rufe ƙofofi, kuɗin kanti da na taro sun tsaya cak, amma na'urar rage danshi da masu gadi ba su tsaya ba.

Akwai kuma wani nauyi a wuyan shugaban gudanarwa da ba kowa ya sani ba. Ban da amsa wa amintattu, shi ne jami'in da aka ɗora wa alhakin kuɗin gwamnati da sunansa. Babban mai binciken kuɗi na ƙasa ke duba asusun, a ajiye shi gaban majalisa. Idan kwamiti ya matsa masa ya kashe kuɗi ta hanyar da ta saɓa ƙa'ida, wajibi ne ya ƙi a rubuce, ya kuma sanar da Ma'aikatar Tsaro.

A Amurka doka ta taƙaita wa ma'aikacin gwamnati neman gudummawa da sunan ofishinsa, shi ne amfanin gidauniya. Gini na huɗu da aka buɗe a Dayton a watan Yunin 2016, inda jiragen shugabannin ƙasa suke, dala miliyan 40.8 ya ci, kuma gidauniyar ce ta tara. Rundunar kuma ta ɗauki nauyin gudanar da shi. A nan tarko yake ga kowane gida: masu hannu da shuni na son sunansu a jikin sabon gini, ba mai son biyan kuɗin toshe rufin da ke yoyo. Kwamitin da ya amince da sabuwar rumfa ba tare da lissafin kuɗin riƙe ta na shekara goma ba ya ɗaura wa magadansa jakar tsaba.

Ɗalibin Tarihi:

Na gode, Baba. Na gode, Hajiya. To idan runduna ta yi wa jirgi ritaya ta ce ga shi kyauta, akwai dalilin da zai sa gida ya ƙi karɓa?

Makanikin Jirage:

Ƙwarai kuwa, ƙanena, kuma shugabancin kirki a nan ake gane shi. Jirgin kyauta shi ne mafi tsada.

Tambayar farko, akwai rufi? Faɗin fuka-fukan Lancaster mita 31 ne, na Vulcan kusan 34, na B-52 kusan 56. Idan babu rumfar da zai shiga, waje zai kwana. Jikin jirgi haɗin ƙarafa ne daban-daban, alminiyom da baƙin ƙarfe da magniziyom, kuma duk inda biyu suka haɗu ruwa ya shiga tsakani, ɗaya zai riƙa cin ɗaya. Ruwan sama na taruwa a cikin ciki idan ramukan tsiyaya suka toshe, tsuntsaye su yi sheƙa a bakin inji, kashinsu ya ci fenti, rana ta dusashe gilashin matuƙi. Daga waje ka ga jirgi lafiya, ƙashin fuffuke kuwa ya zama gari.

Ta biyu, an kwance masa haɗari? Kafin ya shiga inda yara ke yawo, sai an cire harsasai da abubuwan fashewa na kujerar da ke cilla matuƙi waje da na murfin ɗakinsa, an tsiyaye mai an busar da tankuna, an sauke iskar da ke matse a kwalabe da bututun haidirolik, an cire batura. Kowane mataki da sa hannun wanda ya yi shi, takardar kuma ta zauna a fayil ɗin jirgin har abada. Tsofaffin mitoci na zamanin yaƙin duniya na biyu an shafa musu fenti mai sinadarin radiyom don su haska da dare. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma radiyom sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Gilashin mita ya fashe, ƙurar ta zama haɗari. Dole gida ya naɗa jami'in da ke auna su, ya riƙe rajistarsu. Ga asbesto, mai cutar da huhu idan an shaƙi ƙurarsa, a birki da jikin bututun zafi. Jirgin F-16 ma yana da tankin sinadarin haidirazin mai guba na injin gaggawa.

Ta uku, wa zai kula da shi? Ana ɗora jirgi a kan ƙafafun ƙarfe don nauyi ya bar tayoyi, a zuba man kariya a inji, a riƙe danshin rumfa ƙasa-ƙasa ba tare da hawa da sauka ba. Dubi jirgin Dornier 17 na Jamus da gidan RAF ya tsamo daga teku a gaɓar Kent a watan Yunin 2013, bayan shekara 73 a ruwa. Tsamowar 'yan makonni ce. Daga nan aka kai shi Cosford aka daɗe ana yi masa feshin ruwa mai sinadarin tsamin lemo don cire gishiri. Da an bar shi ya bushe haka nan, da ya ruɓe a idon kowa.

Shi ya sa ba darakta shi kaɗai ke cewa a kawo ba. Akwai rubutacciyar manufar tara kaya da amintattu suka amince da ita, da kwamitin ma'aikatan gidan da ke auna kowane tayi: tarihin wannan jirgi takamaimai, takardun mallaka, kuɗin jigila, wurin ajiya. Babban jirgi kuwa sai ya je gaban amintattu.

Malamar Adana Kaya:

Malam Makaniki ya gama da shigowa, saura fita da aro.

Jirgin da ka gani a dandalin gari ko harabar ƙaramin gidan tarihi a Amurka sau da yawa aro ne daga Dayton. Mai aro na sa hannu cewa zai kula da shi, ba zai tashe shi ba, ba zai sayar da ko ƙusa ba, zai kuma riƙa aika rahoto da hotuna. Idan ya gaza, a karɓe. Haka ta faru da Memphis Belle, jirgin B-17 da ya shahara a 1943. Ya shekara da shekaru a birnin Memphis, iska da ruwa da masu ɓalle-ɓalle suna cinsa, har rundunar ta ɗauke shi zuwa Dayton a 2005. Shekara 13 ana gyara kafin a nuna shi ranar 17 ga Mayun 2018. Abin da ya ba da damar ceto shi shi ne takardar mallaka tana hannun rundunar.

Rabuwa da kaya ma da matakanta. A Birtaniya sai an tabbatar gidan ne ya mallake shi, ba ajiyar wani ba ce, amintattu su amince a rubuce, a fara tallata shi ga sauran gidajen tarihi masu rajista. Sayarwa ce ta ƙarshe, kuɗin kuma ya koma kan kula da sauran kayan. Gidan da ya sayar don cike giɓin kasafi na iya rasa rajistarsa, masu ba da tallafi su juya masa baya.

Baba, ka yi mini afuwa, ban bi ka gaba ɗaya ba kan shugaban kwamiti. Hafsa mai ritaya na buɗe ƙofofi, gaskiya ne. Amma idan kwamiti ya cika da tsofaffin abokan aiki, wa zai tsaya wa mai binciken tarihi ranar da allon bayani ya zo kan ruwan bama-baman da aka yi wa Hamburg a 1943 ko Dresden a 1945? A 1995 rikici kan yadda za a gabatar da Enola Gay, jirgin da ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, ya sa gidan tarihin Smithsonian ya soke shirin baje kolin da ya tsara, daraktansa Martin Harwit kuma ya ajiye aiki a watan Mayun shekarar. Tsofaffin sojoji na da haƙƙi a saurare su, iyalan waɗanda bam ya faɗa wa ma haka. Dole a rubuta tun kafin rigima wa ke da kalmar ƙarshe kan rubutun allo. Kwamiti kuma ya haɗa akanta, lauya, malamin makaranta, injiniya da masanin adana kaya, ba masu anini kaɗai ba.

Dattijon Zaure:

Na karɓi gyaranki, 'yata, in dai hafsan yana cikin kwamitin ko da ba shi ke shugabanta ba.

Abu ɗaya ya rage wanda ɗalibinmu zai ci karo da shi: jiragen da ke tashi. Gidan RAF ba ya tashin nasa. Lancaster da Spitfire da ake gani a sararin Landan ranar biki na wani sashe ne na rundunar kanta da ke sansanin Coningsby, da matuƙanta da injiniyoyinta. Duk gidan da ya zaɓi tashin jirgi ya shiga hannun hukumar kula da sufurin sama: sai da manajan da ke ɗauke da alhakin lafiyar tashi da sunansa, da inshora, sannan jirgi mai sarƙaƙiya sai da kamfanin da zai tsaya wa ƙirarsa. Vulcan mai lamba XH558 ya daina tashi a 2015 ne saboda kamfanonin da ke tsaya masa, BAE Systems da Rolls-Royce da Marshall, sun janye. Amintattunsa ba su da hurumin ci gaba ba tare da su ba, ko da jama'a sun tara kuɗin mai.