Madubin likita don hoton kiristal: wanne zan saya?

Ummi Mai Hoto: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Hotunan kiristal ɗin nan masu launi da Malam Kemistiri ya turo ranar Juma'a sun ƙi fita daga raina. Ina so ni ma in fara, ko guda goma ne masu kyau in samu, in wanke su manya in rataya a shago. Wane madubin likita zan saya wanda ba zai cinye min kuɗin adashi ba? Na ga wani ɗan ƙarami da ake jonawa da waya, an rubuta 1600x a kwalinsa, wai yana ƙara girman abu sau 1600.

Baban Walida: Kada ki saya. Ina kan mashin, bari in sauka.

Ɗan Lab: Wa alaikumus salam. 1600x a wannan ɗan abin? Mu da muke farautar ƙwayar maleriya kullum a 1000x muke tsayawa, shi ma sai an ɗiga mai.

Kawu: Takarda ba ta ƙin tawada, ɗana. Ko miliyan suka rubuta kwali ba zai yi musu ba.

Baban Walida: To na iso. Ƙanwata, ni na riga ki faɗawa wannan ramin, har sau biyu ma. Bara kafin azumi na sayi irin wanda kike magana. Fitilunsa a bakinsa suke, daga sama suke haska abu kamar tocila. Mu kuwa aikin nan haske ne zai taso daga ƙasa, ya ratsa ledar tace haske ta farko, ya ratsa kiristal ɗin, ya ratsa leda ta biyu, sannan ya iso ido. A wannan abin ina za ki sa ledar ƙasa? Ga ƙafarsa ta roba, ko tari kika yi hoton ya gudu. Yanzu yana wurin yaron da ke gyaran waya a layinmu, kuma shi yana jin daɗinsa, don aikinsa ke nan.

Sai na ce to bari in sayi na gaske. Na samu na hannu wurin wani mai kayan asibiti, ƙarfe ne mai nauyi, ga shi fes a ido. Ban leƙa ciki ba, don a ranar babu wuta a shagon kuma ina sauri. Da na kai gida na jona, fat! ƙwan ya mutu. Ashe na wuta 110 ne, daga Amurka aka kwaso shi. Na sha yawo kafin in haƙura in sa masa ƙaramar fitilar caji a ƙasa. Da haske ya samu sai ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a kowane hoto. Na goge, na sake gogewa, yana nan. Danshi ne ya haifar da fumfuna a cikin gilashin, can tsakiya inda tsumma ba ya kaiwa. Matsala ta uku, maɗaurin saiti ya saki: ka daidaita hoto, ka juya ka ɗauki waya, kafin ka dawo faifan ya zame ƙasa da kansa. Da na mayar, mutumin ya ce ai kayan gwanjo ba a dawo da su.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba wannan ba ne. Bayan na gyara abin da zai gyaru, dare uku na yi ina narka gishiri ina shanyawa. Duk lokacin da na gicciya ledojin sai komai ya yi baƙi ƙirin. Na ce gishirin ne bai da kyau, na koma alif. Baƙi. Na zubar da ledojin na ce na jabu ne.

Don haka in za ki sayi na hannu, ki tafi da gilashinki da abu a kai, ki tafi da tocila, ki leƙa da idonki. Ki saita, ki sake shi, ki yi hira ta minti biyar, ki sake leƙawa. Ki duba bayansa ki ga ko 220 aka rubuta.

Hajiya Lalle: Innalillahi. Sannu Baban Walida.

Kawu: Dare uku kana kallon duhu, Maman Walida ba ta kira mai ruƙiyya ba?

Malam Kemistiri: Da ka tambaya a nan da ba ka zubar da ledojinka ba, lafiyarsu ƙalau. Cikin duk kayan da ke gida, biyun da ba sa yi su ka zaɓa. Gishiri da alif ginin ƙwayarsu iri ɗaya ne ta kowace fuska, kamar ɗan akwati mai kusurwa daidai, haske na ratsa su da gudu ɗaya ko ta ina ya shiga. Yadda ledar ƙasa ta tace shi haka zai isa ta sama, ita kuma tana gicciye, sai ta tare shi. Duhu ke nan. Amma bitamin C, sukari, takin yuriya, farin magi, garin tsamin nan da masu haɗa lemo ke saya, waɗannan suna raba haske gida biyu, ɗaya ya riga ɗaya fita. In suka haɗu a ledar sama sai wasu launuka su kashe juna, wasu su rage. Abin da ya rage shi kuke gani. Kiristal ɗin kansa fari ne, ba shi da launin komai.

Ummi Mai Hoto: Allah ya gafarta Malam, ledar nan a ina ake samu?

Ɗan Lab: Tsohuwar kalkuleta. Ki ɓare fuskar a hankali da reza, ledar mai duhu-duhu ita ce. Ko ki je wurin masu gyaran waya a Farm Centre ki ce ledar folaraiza, sun san ta.

Na Damagaram: Ni tabarau na sa, irin na direbobi mai kashe ƙyalli. Na ɓalle ido ɗaya na ɗora bisa fitila, ɗayan a sama. Ya yi.

Malam Kemistiri: Ya yi mana. Gwajin dai ɗaya ne: ka haɗa biyun ka juya ɗaya, in sun yi duhu a wani wuri sun sake washewa, su ne. Sannan Ummi, ki cire maganar lamba a ranki. Hotunan da kika gani duk da idon ƙasa mai 4x da mai 10x na ɗauke su, wato 40 da 100 in an haɗa da idon sama mai 10x. In kika wuce haka zanen ya ɓace, sai gefen abu ɗaya kawai ki gani.

Hajiya Lalle: Hoto na biyun nan mai kama da fikafikan ɗawisu, da me aka yi shi? Wallahi in aka buga shi a atamfa sai an yi layi a Kwari.

Malam Kemistiri: Bitamin C ne, Hajiya. Gari zalla, ɗan kan cokalin shayi, a ruwa kaɗan da aka sirka da sifirit. Ɗigo ɗaya a gilashi, a ja shi da gefen wani gilashin ya yi siriri sosai. Sirrin duk a kaurin yake. Ya yi kauri, launin ya koɗe ya zama fari-fari. Ya yi siriri da yawa, toka-toka. Tsakanin nan ne ja da shuɗi da ruwan ɗorawa suke. Masu nazarin duwatsu suna da jadawalin wannan tun 1888, na wani Bafaranshe Michel-Lévy, shi ya sa suke goge dutse sai ya dawo kaurin maikuron 30 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) kafin su ɗora.

Baban Walida: Kuma kada ki daka ƙwayar kemis mai ruwan lemo. Rabinta sukari ne da kala. Na gwada.

Ɗan Lab: Farar ƙwaya ma akwai sitaci a ciki. In ba a tace ba za ki ga wasu 'yan dunƙule kowanne da baƙin gicciye a tsakiya. Wasu ma don su suke ɗauka. Ki kankare ɗanyen dankali ki gani.

Sadiku Zane: Ni fa ku yi haƙuri, ban ga fasaha a nan ba. Ka ɗiga ruwa, ka tafi ka ci tuwo, ka dawo ka danna waya. Ina aikin hannunka? Ni sai in kwana uku a kan fuska ɗaya da fensir.

Ummi Mai Hoto: Yaya Sadiku, haka kuka ce mana mu masu kyamara ma.

Sadiku Zane: Kuma ban janye ba.

Malam Kemistiri: Gilashi ɗaya, in ka bi shi lungu-lungu, fili ne mai faɗi a ƙarƙashin madubi. Mafi yawansa shara ne. Wane lungu za ka tsaya, ta ina za ka juya ledar, yaushe za ka hura masa hucin baki don zanen ya canza, nan aikin yake. Gilashi ashirin nake zubarwa kafin in ajiye ɗaya. Gardamar ma ta girme mu. Wani manomi a Vermont ta Amurka, Wilson Bentley, ya fara ɗaukar hoton ƙwayar dusar ƙanƙara a 1885, ya tara sama da 5,000 kafin ya rasu a 1931. Yakan kankare gefen fim ɗin don bayan hoton ya fito baƙi, wani masanin yanayi Bajamushe, Gustav Hellmann, ya ce wannan gyara ne, ba yadda abin yake ba. Kowa da nasa har yau.

Sadiku Zane: To ka gani. Ko shi sai da ya sa hannu.

Kawu: Sadiku ya ci gardama da hujjar abokin gardamarsa. Sai a Kano.

Ɗan Lab: Kamfanin Nikon na da gasa tun 1975, Small World, ta hoton madubin likita zalla. Ku leƙa ku ga abin da mutane ke yi. Akwai kuma Michael Davidson na jami'ar jihar Florida, shi har a lakataye aka riƙa buga nasa ana sayarwa a shekarun 1990.

Hajiya Lalle: Kun ji ko? Na ce atamfa kuka yi shiru.

Ɗan Lab: Sai dai shi da yawa daga barasa ya shanya ya ɗauka.

Hajiya Lalle: A'uzubillahi. Mu a bar mu da zoɓo.

Malam Kemistiri: Zoɓo ba zai ba ki komai ba sai danƙo. Tsamiya ce ma ke da asid ɗin tatarik, dangin wanda masanin kimiyya Bafaranshe Pasteur ya zauna yana tsince ƙwayoyinsa ɗaya-ɗaya da hantsaki a 1848, na dama daban na hagu daban. Amma jiƙon tsamiya kai tsaye datti ya yi masa yawa.

Na Damagaram: Malam, kanwa fa? Nan wajenmu ta Manga ba ta yankewa a kasuwa. Akwai kuma kantun Bilma.

Malam Kemistiri: Kanwa tana yi. Jiƙa ta, bar ta ta kwanta, ɗauki ruwan sama ka tace da auduga sau biyu. Kantu ba gishiri zalla ba ne, don haka za ka ga akwatunan gishiri baƙaƙe, a tsakaninsu wasu 'yan allurai na walƙiya. In ka yi ka turo.

Na Damagaram: In sha Allahu gobe bayan la'asar.

Baban Walida: Wanda zai gwada sukari ya sa gilashin a cikin kwano mai murfi. Da damina na shanya nawa, kwana huɗu bai bushe ba, rana ta biyar na tarar kiyashi sun yi walima.

Ɗan Lab: Da hunturu kuma kafin ka ajiye ya bushe, ga ƙura. Kowane ƙwayar ƙura sai kiristal ya tsiro a kanta. Ni kofin gilashi nake kifawa.

Kawu: Ɗan Lab, ka faɗa musu abin da kake turo min da dare.

Ɗan Lab: Kawu ka rufa min asiri.

Kawu: Na fitsari ne jama'a. Wai ga wani kamar ambulan.

Ɗan Lab: Kalsiyam okzalet ne, kuma da gaske kamar ambulan yake. Amma ban ce kowa ya gwada ba. Kuma don Allah kada wanda ya roƙi tsohon gilashi a lab, jinin mutane ne ya hau su. Kwalin sabo mai guda 50 ba shi da tsada.

Shugaban Zaure: A kiyaye harshe, akwai iyaye a nan. 

Maman Khalifa: Ni tambayata daban. Na ɗora waya a idon madubin makarantarmu, sai wani ɗan da'ira nake samu a tsakiya, gefe duk baƙi, kuma yana rawa.

Ummi Mai Hoto: Wannan kam fannina ne, Anti. Ki ɗan ja wayar baya kaɗan har da'irar ta cika, ki ƙara zum kaɗan. Ki danna fuskar ki riƙe har saiti ya kulle, sannan ki rage hasken da hannu, in ba haka ba wayar za ta ga duhu ta yi ta ƙara haske har launin ya wanke. Ki kashe filasha. Ki sa ƙidayar daƙiƙa uku ki cire hannunki.

Baban Walida: Akwai maƙalin waya da ake ɗaurawa a idon. Shi kaɗai ne abin da na saya ban yi nadama ba.

Malam Kemistiri: Ga wata dabara, Maman Khalifa, yara za su so ta. Manna salatef fari a wani gilashin, ki sa shi tsakanin ledar ƙasa da kiristal ɗin ki riƙa juyawa. Bayan hoton zai tashi daga baƙi ya koma shuɗi ko jaja-jaja. In kuma yuriya za ku narka a wuta, tana narkewa a wajen digiri 133, a yi a waje, kada yaro ya riƙe, in ta fara warin da ke hawa hanci an wuce.

Sadiku Zane: Wanda ya yi na yuriyar ya turo min babba. Ba don komai ba, ina son in ga yadda layukan suke tafiya.

Kawu: Ba don komai ba.

Ummi Mai Hoto: Jama'a na gode, amma har yanzu ba wanda ya ce min ga wanda zan saya.

Ɗan Lab: Ki bari tukuna. Ranar Asabar ki zo da ledojinki ki gwada a nawa na gida, in kin ga za ki iya zaman sai a yi maganar saye.

Hajiya Lalle: In za ku haɗu ku faɗa min, zan kawo farin magi da kanwa.

Na Damagaram: Malam, auduga ta kemis ko ta katifa ma ta yi?