Waƙa da Wasan Kwaikwayo a Aji da Wajen Jinya

A wata tattaunawa kan amfani da waƙa da wasan kwaikwayo a aji da wajen jinya, malamai da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa sun yarda a fara da gajeriyar waƙa, a karanta da murya sau biyu kafin a nemi ma'ana, domin kari da amsa-amo na sauƙaƙa hadda.

Wasan kwaikwayo ne ya ja muhawara. An kawo dabarar musayar matsayi ta likita Jacob Moreno: ɗa ya fito a matsayin uba, ya amsa wa kansa. Tana buɗe bakin mai zurfin ciki, amma takan fama tsohon ciwo. Shi ya sa aka ce malami ya tsaya ga ƙagaggen labari, ya bar wa ƙwararre labarin gaske, kuma a ganina sun yi daidai. Mai kunya kuwa kada a tilasta masa, a ba shi amshi.