Mijin yayata zai kai mu wasan zamiyar ƙanƙara a Kanada, in shiga ko in haƙura?

Ɗan Gwale:
Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Ƙarshen Disamba in Allah ya kai mu zan raka Hajiyarmu Kanada wajen yayata da ta haihu, suna Vancouver, mu uku ne da autanmu. To jiya mijinta ya kira wai har ya kama mana wuri a wani gari Whistler za mu shiga wani abu wai shi bobsile, ya turo min bidiyon ta WhatsApp wallahi tun da na kalla cikina yake juyawa. Wani abu ne kamar kwale-kwalen ƙarfe, a cusa mutum huɗu ciki a sake su a wata kwata ta ƙanƙara zalla. Ni da ko lilon gidan zu ba na hawa ranar Sallah. Abin da ya fi damuna Hajiya ce, cewa take in dai yaranta za su shiga ita ma sai ta shiga. Akwai wanda ya taɓa yi?

Injiniya Hotoro:
Wa alaikumus salam. Na yi sau ɗaya lokacin ina karatu can. Daga Vancouver tafiyar kamar awa 2 ce a mota, kuma titin ƙanƙarar nan shi aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi a kai a 2010, ba wajen wasan yara ba ne. Amma ba kai za ka tuƙa ba, akwai ƙwararren direba a gaba, ku naku ku zauna a baya da hular kwano ku riƙe abin da aka ce ku riƙe. Gudun yana kai kilomita 125 a awa, duka-duka bai cika minti ɗaya ba. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne nauyin, in aka shiga kwana ji za ka yi kamar an ɗora maka buhun masara a ka, wuyanka na son shigewa cikin ƙirji, hular tana ta bugun gefe kau kau kau. Ni dai kalmar shahada na yi ta yi har muka tsaya, da na fito ƙafata na rawa amma dariya nake kamar taɓaɓɓe. Kai da auta ku shiga. Hajiya kam a'a, su da kansu ba sa ɗaukar mai ciwon baya ko wuya ko zuciya, kuma sai ka sa hannu a takarda tukunna.

Maman Hanifa:
Haba Ɗan Gwale, Hajiyar da ta je wankan jego ita za ka bari a wulwula a ƙanƙara? Ku nemo mata na tayar roba ɗin nan da ake zama a ciki a gangaro a hankali, mun yi shi a Ski Dubai cikin Mall of the Emirates da surukata, sau uku ta hau tana salati tana cewa a ƙara. Kuma kar ka yaudari kanka da suwaitar hunturun Kano, ka shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo ka ce jaket mai ƙatuwar auduga, ka haɗa da safar hannu da safa mai kauri guda biyu biyu, yatsu ne suke fara mutuwa.

Abba Fagge:
Hhhh mutumin da in sanyin Janairu ya sauko Kano yake kwana uku bai yi wanka ba shi ne zai je bobsile. Amma kar ka ba mu kunya malam, mata ma sun yi. A 2018 a Koriya ta Kudu 'yan matan Najeriya uku, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, su ne tawagar farko daga Afirka da ta shiga bobsile a Olamfik.

Sadiya K/Nassarawa:
Ni fa ban yarda ba. Ba a wajen nan wani ɗan wasan Jojiya ya rasu ba a 2010?

Injiniya Hotoro:
Haka ne Anti Sadiya, Allah ya kyauta, amma shi wasan luj yake yi, mutum ɗaya kwance rigingine a kan ɗan faranti ba abin da ya kare shi, yana gudun fiye da kilomita 140. Baƙi kuma ba daga can ƙololuwa ake sako su ba. Af Ɗan Gwale, ka lura da sallah, a Disamba da wuri rana take faɗuwa, azahar da la'asar da magariba a manne suke, gara ka fita da alwalarka daga gida.

Ɗan Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya maganar buhun masara ta ce ita ta yafe, za ta tsaya riƙe mana waya. Auta kuma har ya fara cika baki a majalisa. Gobe zan leƙa Wambai, Maman Hanifa jaket ɗin nan kamar nawa zan riƙe?